Makarancin Allo da Rubutun Hausa a Iyakar Jibiya: Gano Matsala da Hanyar Gyara

1.0 Gabatarwa

A al'adar Hausawa makaho ba ya rabuwa da abubuwa biyu, watau sanda da ɗan jagora. Sanda ita ke sanar da shi abin da ke gaban ƙafarsa, ɗan jagora kuwa shi ke ara masa ido a kan hanya da cikin kasuwa. Amma akwai wurin da sanda ba ta da amfani, ɗan jagora kuma yakan zama nauyi, shi ne wurin karatun takarda. Idan wasiƙa ta zo wa makaho, ko takardar bashi, ko sakamakon asibiti, tilas ya nemi mai ido ya karanta masa, kuma duk wanda ya karanta ɗin ya riga shi jin sirrinsa.

Zuwan kwamfuta ya kawo mafita. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta bi abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta ta faɗe shi da murya, ta kuma gaya wa mai aiki inda yake da maɓallin da ya danna. A cikin wannan maƙala za a riƙa kiranta "makarancin allo", allon kuwa shi ne fuskar kwamfutar. Sai dai shi ma wannan sabon ɗan jagora yakan yi tuntuɓe. Wani lokaci ya yi shiru ɗungum, wani lokaci kuma ya yi magana amma ya dagula kalmomin har a kasa gane su. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana yadda ake gano musabbabin kowane ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli biyu a kan kwamfutar da ke aiki da Linux. Za a nuna cewa shiru ciwon na'ura ne, wanda yawanci ake warkarwa cikin mintoci kaɗan, amma dagula kalmomi ya samo asali ne daga yadda ake rubuta Hausa, saboda haka maganinsa yana hannun marubuta da masana harshe.

2.0 Dalilin Ɗaukar Misali daga Jibiya

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, a kan hanyar da ta nufi Maraɗi. Matafiyi yakan bar shingen Nijeriya a Magama, ya tarar da na Nijar a Ɗan Isa. Mutanen ɓangarorin biyu Katsinawa ne, domin Maraɗi ita ce inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa mulki bayan jihadi ya ci birninsu a 1807. Iyakar da ta raba su Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Ba ta raba harshe ba, amma ta raba rubutu, domin wannan gefe ya koyi boko a hannun Ingilishi, wancan kuma a hannun Faransawa.

Saboda haka duk wanda ke hulɗa da takardu a wannan wuri yana gamuwa da rubutu iri huɗu: Turancin Ingilishi a takardun kwastan na Nijeriya, Faransanci a takardun duwan na Nijar, Hausa bisa ƙa'idar Nijeriya, da Hausa bisa ƙa'idar Nijar. Akwai kuma alamar cewa takardun Hausa za su ƙaru, tun da yake kundin da gwamnatin Nijar ta zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mai ido yakan bi waɗannan rubuce-rubuce huɗu ba tare da ya lura ya sauya ba. Makarancin allo kuwa ba ya sauyawa sai an gaya masa.

A ƙaddara wani matashi makaho ne da ya yi karatun boko, yana riƙe wa mahaifinsa lissafin fataucin hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi a kan tsohuwar kwamfuta. Irin wannan matashi yana da dalilai uku na zaɓen manhaja mai buɗaɗɗen tushe, watau wadda aka bar kowa ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya kuma rarraba. Na farko ba a biyan kuɗin lasisi, alhali kuwa makarancin allo na sayarwa irin su JAWS yana da tsada ainun. Na biyu ana iya ƙara mata harshen da masu ita ba su sa ba. Na uku muryarta a cikin kwamfutar take, ba ta dogara da intanet ba. Mutanen Jibiya sun san muhimmancin wannan, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Jibiya na cikinsu, aka yi watanni babu waya.

3.0 Sarƙar da Magana ke Bi

Kafin a yi maganar gyara, wajibi ne a san hanyar da kalma ke bi daga allo zuwa kunne. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991, yana da fuskokin aiki iri-iri, watau tsarin tagogi da gumakan da mai aiki ke hulɗa da su. Ɗaya daga cikin mafiya shahara ita ce GNOME, wadda aka fara a 1997, kuma ita ce Ubuntu ke fitowa da ita. Makarancin allon GNOME sunansa Orca. Kamfanin Sun Microsystems ne ya raine shi, ya shiga GNOME a 2006, sa'an nan bayan Oracle ya sayi Sun a 2010 ragamar aikin ta koma hannun Joanmarie Diggs, wadda daga baya ta shiga kamfanin Igalia na ƙasar Sifen.

Orca ba shi da murya ta kansa. Aikin yana bin gaɓoɓi biyar ne, kamar haka:

(a) Manhajar da ake aiki da ita, alal misali Firefox ko LibreOffice, ita ke bayyana abin da ke cikinta ta wata gada da ake kira AT-SPI, ta ce wannan kanun magana ne, wannan maɓalli ne, wannan gurbin rubutu ne.

(b) Orca ya karɓi bayanin ya zaɓi abin da ya kamata a faɗa.

(c) Ya miƙa wa Speech Dispatcher, wanda yake kamar dillali ne tsakanin masu son magana da masu murya.

(d) Dillalin ya miƙa wa injin furuci, wanda yawanci eSpeak NG ne, shi kuma ya mai da haruffa sauti bisa dokokin harshen da aka zaɓa masa.

(e) Sautin ya bi ta manhajar amo, PulseAudio ko PipeWire, zuwa lasifika ko abin sawa a kunne.

Idan gaɓa ɗaya ta tsinke, sakamakon ɗaya ne a kunnen makaho, watau shiru. Wannan shi ya sa mutane da yawa kan yi ta kashe kwamfuta suna kunnawa, ko su sake ɗora Linux gaba ɗaya, alhali gaɓa ɗaya ce tak ta kwance.

4.0 Matsalar Shiru

Ƙa'idar binciken ita ce a faro daga kunne a koma baya, gaɓa bayan gaɓa, kada a taɓa ta gaba sai an tabbatar da lafiyar ta baya. Tun da yake mai aikin ba ya ganin allo, kuma jagoran nasa ne ya yi shiru, dole ya haddace waɗannan matakai tun kafin buƙata ta taso. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4.1 Lasifika. A danna maɓallin ƙara amo. GNOME yakan yi 'yar ƙara duk lokacin da aka ƙara ko aka rage. Idan ba a ji komai ba, to, laifin ba na Orca ba ne. Sau da yawa amon ya karkata ne zuwa wani abin kunne na Bluetooth da ke cikin jaka, ko zuwa talabijin da aka haɗa da wayar HDMI, ko kuwa an toshe shi da maɓallin shiru.

4.2 Injin furuci. A danna Alt da F2 tare, wanda ke buɗe gurbin ba da umarni, a rubuta "espeak-ng sannu", a danna Enter. Idan an ji murya, injin da lasifika duk lafiyarsu lau.

4.3 Dillali. A sake buɗe gurbin a rubuta "spd-say sannu". Idan umarnin farko ya yi magana wannan kuma bai yi ba, to, an kama mai laifi, dillalin ne ya maƙale. Umarnin "killall speech-dispatcher" yakan kashe shi, sa'an nan ya tashi sabo da zarar an sake nemansa. Idan abin ya ci gaba, umarnin "spd-conf" yana sake tsara shi daga farko, ko da yake a nan ana buƙatar mai ido ya karanta tambayoyin da zai yi.

4.4 Orca kansa. Idan gaɓoɓin nan uku duk suna aiki, saura Orca. Maɓallan Super da Alt da S, in an danna su tare, su ke kunna shi su kuma kashe shi. Super shi ne maɓallin nan mai tambarin Windows. Haka kuma Orca yana da maɓallinsa na musamman, wanda shi ne Insert a tsarin babbar kwamfuta, ko Caps Lock a tsarin ta tafi-da-gidanka. Danna wannan maɓalli tare da S yana rufe bakin Orca ba tare da ya kashe shi ba, kuma yatsa yakan faɗa kansu bisa kuskure. Idan duk wannan bai yi ba, umarnin "orca --replace" yana kawar da wanda ya maƙale ya ta da wani.

4.5 Manhajar da ake karantawa. Wani lokaci Orca yana magana a ko'ina sai a taga ɗaya. A nan laifin na tagar ne, domin ba ta aiko da komai ta gadar AT-SPI ba. Chromium da manhajojin da aka gina a kansa sukan buƙaci a ta da su da ƙarin umarnin "--force-renderer-accessibility". Amma abin da ya fi yawa a wuri irin Jibiya shi ne takardar da aka ɗauki hotonta da waya aka turo ta WhatsApp, ko aka mai da ita PDF. Mai ido yana ganin rubutu, a wurin kwamfuta kuwa hoto ne kawai, babu harafi ko ɗaya a cikinsa. Sai an bi da shi ta manhajar da ke tsamo haruffa daga hoto, irin su Tesseract, kuma ko an yi hakan ba a dogara da adadin kuɗi sai an tabbatar.

4.6 Maɓallai. Idan Orca yana magana amma ba ya amsa umarni, akwai wurare biyu da za a duba. Na farko, sa'ad da GNOME ya ƙaura daga tsohon tsarin nuni na X11 zuwa Wayland, wasu maɓallan Orca sun daina aiki yadda ya kamata, sai a bugu na 48 da ya fito a watan Maris na 2025 aka daidaita wannan. Mai tsohon bugu yana iya sabuntawa. Na biyu kuwa ya shafi bakin iyaka kai tsaye. Kwamfutar da aka sayo daga Maraɗi yawanci an tsara ta da jerin maɓallan Faransa, inda A ta musanya wuri da Q, Z ta musanya da W, M kuma ta ƙaura zuwa gefen L. Makahon da yatsunsa suka saba da jerin Ingilishi zai yi ta danna A yana samun Q. Ba a buƙatar sauya maɓallan, a cikin saitin GNOME ake ƙara jerin da ake so, sa'an nan Super da maɓallin tazara su ke juyawa daga wannan jeri zuwa wancan.

5.0 Matsalar Dagula Kalmomi

Idan an gama da shiru, sai a fuskanci matsala ta biyu, wadda ta fi zurfi. Na'ura tana aiki daidai, murya tana fita, amma Hausar da ke fita ba Hausa ba ce. Dalilan sun kasu gida biyar.

5.1 Rashin Muryar Hausa. Bugu na 1.51 na eSpeak NG, wanda ya fito a 2022, yana ɗauke da harsuna fiye da 100, cikinsu har da Swahili da Amharik da Oromo da Tswana, amma babu Hausa. Saboda haka da muryar wani harshe ake karanta ta, kuma kowace murya da dokokin harshenta take zuwa. Muryar Ingilishi tana haɗiye wasalin e na ƙarshen kalma, tana kuma ɗaukar "mace" da "dare" da "sake" a matsayin kalmomin Ingilishi masu irin wannan rubutu. Harafin c kuma ta mai da shi s a "cika", ta mai da shi k a "cuta". Muryar Faransanci tana zubar da h a "hatsi", tana kuma karanta g ta "gero" da "gida" kusa da j. Dabarar wucin gadi ita ce a zaɓi muryar harshen da rubutunsa ya fi kusa da na Hausa. Swahili yana da wasula biyar kamar yadda Hausa ke rubutawa, yana furta na ƙarshe, yana kuma da sh da j, sai dai shi da ch yake rubuta sautin c. Harshen Indunusiya kuwa c ɗinsa daidai yake da na Hausa, amma ba ya amfani da sh. Bayan an zaɓi murya, a cikin saitin Orca, wanda maɓallin Orca da na tazara ke buɗewa, akwai ƙamusun furuci, inda ake rubuta kalma da yadda ake so a faɗe ta. Mai lissafin hatsi ba ya buƙatar dubban kalmomi. Idan ya gyara sunayen abokan cinikinsa da na garuruwa da na kaya, ya rage rabin wahala.

5.2 Baƙaƙe Masu Ƙugiya. Tun ƙarshen shekarun 1930, lokacin da Dr. R. M. East yake shugabancin aikin talifi a Zariya, aka tsaya a kan rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƙugiya, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta yaɗu. Muhimmancinsu a bayyane yake:

baki / baƙi
kasa / ƙasa
daga / ɗaga
bari / ɓari
kara / ƙara

A yau ana samun waɗannan baƙaƙe a kwamfuta ta hanya uku. Ta farko ita ce a zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, kamar yadda aka saba a saƙonnin waya. Mai ido da makaho duk sukan cike gurbin da hankali, amma "an kara kudin" ba ya nuna wa na'ura komai game da ƙ ko ɗ. Ta biyu ita ce tsofaffin salailan haruffa. Kafin Unicode ya yaɗu, masu kishin harshe sun ƙirƙiro salailai na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, kuma sun yi wa ɗab'in Hausa babbar hidima. Dabarar irin waɗannan salailai ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama a zana mai ƙugiya a kai. A wasu q ce ke fitowa da siffar ƙ, x da siffar ɗ, v da siffar ɓ. Ido yana ganin "ƙasa ɗaya", amma abin da ke ajiye a ciki "qasa xaya" ne, kuma shi makarancin allo ke karantawa, domin da lambar harafi yake aiki, siffarsa ba ta dame shi ba. Maganin shi ne a buɗe takardar a LibreOffice, a danna Ctrl da H, a musanya kowane harafin aro da na gaskiya, tare da kiyaye sunayen baƙi da kalmomin Turanci da ke cikinta.

Hanya ta uku ita ce daidai, watau Unicode, inda kowane harafi yake da lambarsa ta kansa: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ kuma 01B4. A GNOME ana danna Ctrl da Shift da U, a rubuta lambar, a danna Enter, ko kuma a ƙara jerin maɓallan Hausa na Nijeriya, wanda Linux ke zuwa da shi. Sai dai muryar da ba ta Hausa ba takan yi tuntuɓe a kansu, ko ta tsallake harafin, ko ta tsinke kalma ta faɗi sunansa ko lambarsa. Wannan ya sa wasu ke ganin gara a bar ƙugiyar. Kuskure ne, domin kalmar da aka rubuta daidai ana iya gyara furucinta a ƙamusun Orca yau, muryar Hausa kuma za ta karanta ta daidai gobe, amma wadda aka zubar wa ƙugiya ta rasa bayanin har abada.

5.3 'Y da Ƴ. An yi tarurruka don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, kamar na Bamako wanda UNESCO ta kira a 1966, da na Yamai a 1980. Duk da haka bambanci ɗaya ya saura a fili. Nijeriya tana rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri a gaban y, Nijar kuwa tana rubuta ƴaƴa da harafi ɗaya mai ƙugiya, kamar yadda dokar ma'aikatar iliminta ta 1999 ta tabbatar. A wurin na'ura, rubutun Nijar ya fi sauƙi, domin harafi ɗaya sauti ɗaya ne. Alamar Nijeriya kuwa kwamfuta tana ɗaukarta alamar zance ce. Orca yana da matakai huɗu na faɗin alamomi, daga babu ko ɗaya zuwa duka. A matakin ƙasa alamar takan ɓace, "'ya" ta koma "ya", a matakin sama kuma a riƙa ambaton sunanta a tsakiyar "jama'a" da "sa'a" da "ma'ana". Bugu da ƙari, manhajojin rubutu sukan juya alamar da kansu su mai da ita ta buɗe zance idan ta zo a farkon kalma. Unicode yana da lamba 02BC, wadda siffarta ɗaya da alamar amma ana lissafa ta harafi, kuma ita ta fi dacewa da Hausa. Akwai kuma wani sakamako da ya shafi ɗan kasuwa: wanda ya nemi "'Yankara" a cikin lissafinsa ba zai samu abin da abokinsa na Maraɗi ya rubuta da ƴ ba.

5.4 Sunaye da Rubutun Faransa. Takardun Nijar suna rubuta sunayen Hausa da ƙa'idar Faransanci: Dan Issa, Madarounfa, Guidan Roumdji, Tessaoua, Ousmane, Aboubacar. A rubutun Hausa su ne Ɗan Isa, Madarumfa, Gidan Rumji, Tasawa, Usman, Abubakar. Muryar Faransanci tana karanta jerin farko kusa da yadda Bahaushe ke faɗa, ta ɓata na biyu. Muryar Swahili kuma tana kusantar na biyu, ta ɓata na farko. Ke nan babu murya ɗaya da za ta wadatar a bakin iyaka. Makarancin allo na zamani yana iya sauya murya da kansa, amma sai in marubucin takardar ya yi wa kowane sashe alamar harshensa: ha ga Hausa, fr ga Faransanci, en ga Ingilishi. Yawancin takardun Hausa suna ɗauke da alamar Ingilishi ko ta Faransanci ne, saboda da ita kwamfutar ta zo kuma ba wanda ya sauya.

5.5 Karin Sauti da Tsawon Wasali. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna dogon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. "Fari" ma uku ne: launi, da rashin ruwa, da somawa. Abin ya wuce kalmomi ya shiga nahawu. Saƙon da ya ce "ya biya kuɗin" yana iya nufin an riga an biya, in wasalin "ya" dogo ne da karin sama, ko kuwa umarni ne a biya, in gajere ne da karin ƙasa. Bahaushe mai karatu da ido yana warware wannan daga abin da ya gabata, makaho ma haka yake yi muddin muryar ta tafi a miƙe. Haɗarin yana wurin muryar da ke ɗora nauyin harshenta a kan gaɓar da ba ta dace ba, ta sa kunne ya ji wata kalma dabam. A kan maganar kuɗi, hanya mafi aminci ita ce a sa Orca ya bi jimlar kalma bayan kalma, in da shakka kuma a tambayi mai saƙon.

6.0 Aikin da ke Gaban Masana Harshe

Daga bayanin da ya gabata za a ga cewa makanikin kwamfuta yana iya gama sashe na huɗu shi kaɗai, amma sashe na biyar ya fi ƙarfinsa. Ƙara harshe a eSpeak NG yana buƙatar abubuwa uku: jerin sautukan harshen, da dokokin da ke haɗa harafi da sauti, da jerin kalmomin da suka saɓa wa dokokin. Na farko da na biyu ba su da tsawo a Hausa, domin rubutunta yana bin furuci ƙwarai. Na uku shi ne babban aiki, tun da kusan kowace kalma tana buƙatar a nuna karinta da tsawon wasulanta. Amma kuma an riga an yi rabin aikin a takarda, a ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Newman da Newman na 1977, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne a zuba wannan ilimi cikin sigar da injin zai iya karantawa, tare da izinin masu haƙƙin littattafan. A wajen muryoyi na zamani kuma, shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu sa kai da Hausa, kamfanin Meta ma ya fitar da samfuran furuci na harsuna fiye da 1,100 a 2023, Hausa na ciki. Dole kuma a yi la'akari da karin harshe, domin mutumin Jibiya ko Maraɗi da ke cewa "hwara" yakan rubuta haka, kuma ya kamata dokokin su san hw kamar yadda suka san f.

Akwai hujjar doka a bayan wannan aiki. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta sauƙaƙa mai da littattafai sigar da makafi za su iya karantawa, ta kuma zartar da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa shirun makarancin allo ana bincikensa ne daga lasifika zuwa injin furuci, zuwa dillali, zuwa Orca, zuwa manhajar da ake karantawa, kuma kowace gaɓa tana da gwajinta. An kuma nuna cewa dagula kalmomi yana fitowa ne daga rashin muryar Hausa, da zubar da ƙugiya, da bambancin 'y da ƴ, da rubutun sunaye na Faransa, da rashin alamar kari. Kafin a samu muryar, akwai abubuwa uku da kowane marubuci, ko magatakarda, ko mai buga takardu a Jibiya da Maraɗi zai iya yi tun yau ba tare da kashe ko kwabo ba: ya rubuta baƙaƙe masu ƙugiya da Unicode, ya yi wa takardarsa alamar harshenta, ya kuma aika rubutu a matsayin rubutu maimakon hotonsa. Idan an yi haka, matashin nan mai lissafin hatsi zai karanta takardar bashin mahaifinsa da kansa, ba tare da ya kira kowa ba.